Kumfar Da Na Fesa A Rufin Gidana Ta Kusa Hana Ni Sayar Da Shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai albarka domin in yi magana a kan wani abu da a ido ƙarami ne, amma ya riƙe ni a ƙasar Ingila wata takwas bayan lokacin da na ɗibar wa kaina na komawa gida. Na san kana da masu karatu da yawa a nan Birtaniya ta intanet, likitoci da ma'aikatan jinya da malaman jami'a da direbobi, waɗanda suka tara gumin shekaru har suka mallaki muhalli, akwai kuma iyaye a gida da suka saya wa 'ya'yansu masu karatu wurin zama a nan. Su nake so su ji wannan labari, domin an ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa, ni kuwa nawa gemun ya riga ya babbake.

Abin da nake magana a kansa wata kumfa ce ta roba da ake fesawa a ƙarƙashin rufin gida domin ta hana ɗumi fita a lokacin hunturu. Sinadarai biyu ne a ruwa-ruwa, kowanne a durom ɗinsa, sai a bakin bindigar feshi suke haɗuwa, kuma da zarar sun taɓa katako sai su kumbura nan take kamar ƙullin fanke, su cika kowace kafa, sannan su daskare. Iri biyu ce. Akwai mai laushi kamar soso, wadda tururi ke iya ratsa ta, akwai kuma mai tauri wadda idan ta daskare ko da ɗan yatsa ba ka iya lotsa ta, kuma ba ta barin ruwa ko tururi ya wuce. An ƙiyasta cewa gidaje kusan 250,000 a Birtaniya suna da wannan kumfa a rufinsu, kuma da yawa daga masu gidajen ba su san abin da ke jiransu ba sai ranar da suka kafa allon sayarwa a ƙofar gida.

Gidana a Birmingham yake, irin tagwayen gidajen nan ne na jan bulo da aka gina a shekarun 1930, na saye shi a 2009 da bashin banki na kuma gama biya da ƙyar. A shekarar 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukren, kuɗin gas da lantarki ya yi tashin gwauron zabo. Matsakaicin gidan da a hunturun baya ake lissafa masa fam 1,277 a shekara, zuwa watan Oktoba sai da gwamnati ta sa hannu kafin aka tsayar da lissafin a fam 2,500. A cikin wannan hali ne wani saurayi mai fara'a ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da wata takarda a rataye a wuya, ya ce duba rufi kyauta suke yi wa mutanen unguwa. Ya hau saman silin da tocila, bai yi minti goma ba ya sauko da hotuna a wayarsa, ya nuna mini tsohuwar audugar gilashin da ke shimfiɗe a can ta yi baƙi, ya ce ai kuɗina nake ƙonawa ina ɗumama tsuntsayen unguwa. Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali shi ne da ya tuna mini cewa gwamnati da kanta ta taɓa biyan kuɗin irin wannan aiki, kuma a nan bai yi ƙarya ba, domin shirin tallafin Green Homes Grant, wanda aka buɗe a Satumban 2020 aka rufe a ƙarshen Maris na 2021, yana biyan kashi biyu cikin uku na kuɗin aiki har zuwa fam 5,000, ko duk kuɗin aikin har zuwa fam 10,000 ga masu ƙaramin ƙarfi, kuma wannan kumfa tana cikin ayyukan da aka amince da su. Na ce a raina, abin da hukuma ta sa kuɗinta a ciki ai ba zai zama na banza ba. Ya ce idan na sa hannu a ranar akwai ragi. Na sa hannu, na tura musu fam dubu huɗu da ɗari biyu kai tsaye daga asusuna, bayan kwana uku suka zo da mota da dogon tiyo, kafin la'asar sun gama sun tafi. Abin da suka bar mini shi ne rasit da wata takarda guda mai ado da aka rubuta garantin shekara 25 a kanta.

Ba zan zalunce su ba, ɗakunan sama sun ɗan ƙara ɗumi a hunturun, kuma ƙarar ruwan sama a kan rufi ta ragu. Na ma yi ta yabon aikin a masallaci, abin da har yanzu yake damuna, domin na san mutum biyu da suka bi shawarata.

A farkon bazarar 2025 na yanke shawarar sayar da gidan in koma Katsina, tunda yara sun girma kowa ya kama gabansa. A nan ya kamata in yi wa mai karatu na gida bayanin yadda cinikin gida yake a Ingila, domin a nan ne gizo yake saƙa. A wurinmu, mai saye yakan zo da dillali ya zagaya gida, a yi taye a yi albarka har a sallama, a ba da kafin alƙalami, a kira shaidu, mai unguwa ya sa hannu, magana ta ƙare. Idon mai saye da aljihunsa su ne alƙalai. A Ingila kuwa mafi yawan masu saye ba da kuɗinsu suke saye ba, banki ne yake ba su rancen kaso mafi tsoka ya riƙe gidan a matsayin jingina, saboda haka a bayan kowane mai saye akwai wani mai saye na biyu da ba ka taɓa ganin fuskarsa, kuma shi ne mai wuƙa da nama. Bankin zai aiko da nasa safiyo, ba irin mai awon fili da muka sani ba, wannan aikinsa ya duba lafiyar gini ya faɗa wa banki ko gidan ya kai kuɗin da za a ranta a kansa. Sannan duk alkawarin da aka yi da baki ba ya ɗaure kowa har sai ranar da lauyoyin ɓangarorin biyu suka yi musayar takardun yarjejeniya, abin da kan ɗauki watanni. Kafin wannan rana kowa yana iya juya baya ya yi tafiyarsa ba tare da ya biya ɗayan ko kwabo ba.

Cikin mako biyu aka samu masu saye, wasu matasa mata da miji da jaririnsu, ciniki ya faɗa a kan farashin da ya yi mini daɗi. Ranar da safiyon bankinsu ya zo, ni na riƙe masa tsani. Ya tura murfin silin da hannu ɗaya, ya zura kansa da kafaɗunsa, ya haska tocila dama da hagu, ban ji ya taka ko mataki ɗaya a ciki ba. Da ya sauko sai ya tambaye ni cikin ladabi ko ina da takardun aikin kumfar. Na miƙa masa rasit da takardar garantin, ya juya ta gaba da baya, ya ɗauki hotonta, ya yi godiya ya tafi. Bayan kwana shida dillalina ya kira ni ya ce rahoto ya fito, kuma darajar da aka rubuta wa gidan ita ce sifili. Na ce ya maimaita. Ya ce sifili, amma kada in tayar da hankalina, ba wai ana nufin gidan bai kai komai ba ne, ma'anarsa bankin ba zai ranta ko fam ɗaya a kansa ba har sai an kawo shaidar cewa katakon rufin lafiya yake. Matasan nan ba su da hanyar jira, gidan hayarsu wa'adinsa ya kusa, suka janye bayan sun yi asarar kuɗin lauya da na dubawa. Har yau ina jin nauyinsu.

Da farko haushin safiyon na ji, na ɗauka ragwanci ne ya hana shi shiga ya duba da kyau. Sai daga baya na gane cewa ko ya shiga babu abin da zai gani. Aikinsa shi ne ya kalli rafta, ya ga ko akwai tabon yoyo, ko katako ya yi baƙi, ko ƙwaro ya huda shi, ko wani wuri ya lanƙwashe. Ni kuwa na biya kuɗi an lulluɓe duk waɗannan da farin bargo mai kaurin tafin hannu. Mai yiwuwa katakon da ke ƙarƙashi garau yake kamar ranar da kafinta ya buga shi, mai yiwuwa kuma ya ruɓe ya zama kamar burodi. Daga waje kamanninsu ɗaya. Banki kuwa ba ya cinikin biri a sama. Wannan shi ne ainihin matsalar, kuma shi ne abin da babu wanda ya faɗa mini a 2022: laifin kumfar na farko ba ɓata katako ba ne, ɓoye shi ne, domin gidan da kumfarsa ba ta yi wata ɓarna ba shi ma yana iya maƙalewa a kasuwa daidai da wanda rufinsa ya lalace.

Ita ɓarnar kuma tana da dalilinta, kuma ya kamata mutanenmu su fahimce shi fiye da kowa. Tsofaffin gidajen Ingila an gina rufinsu ne domin ya sha iska. Ana barin ƙananan kafofi a gefen rufi ta inda iskar waje za ta shiga ta ratsa saman silin ta fita, ta tafi da duk danshin da ya taso daga cikin gida, abin hana sanyi kuma a kan silin ake shimfiɗa shi, ba a jikin rufi ba. Duk wanda ya taɓa ɗaga murfin tukunya ya ga yadda tururi ya koma ɗigon ruwa a jikinsa ya san abin da ke faruwa idan iska mai ɗumi da danshi ta haɗu da wuri mai sanyi. Idan aka fesa kumfa aka toshe kafofin nan, tururin da ya samu hanyar ratsawa zai isa bayan kumfar inda sanyi yake, ya koma ruwa, ya kwanta a jikin katako, babu iskar da za ta busar da shi. Haka nan idan tayil ɗaya ya tsage ruwan sama ya fara shiga, ba za ka ga ɗigo a silin ba balle ka kira mai gyara, ruwan zai yi ta taruwa a ɓoye shekara da shekaru. To, gidan Bahaushe a Turai gida ne mai tururi. Muna dafa wake da ganda da tuwo na sa'o'i, muna da yawan baƙi da yawan wanka, kuma daga Nuwamba zuwa Maris a cikin ɗaki muke shanya, tagogi a rufe saboda tsoron sanyi. Rufin da zai iya jure numfashin tsohuwa guda mai shan shayi da biskit ba lallai ne ya jure namu ba.

Adalci ya sa in faɗi cewa ba kowace kumfa ce annoba ba. An daɗe ana amfani da ita a Kanada da Amurka, kuma inda aka tsara gini tun daga tushe domin ta tana aikinta yadda ya kamata. Hukumar kula da lafiya da kariya a wuraren aiki ta Birtaniya, wato HSE, ta fitar da wani bincike a 2024 wanda ya nuna cewa haɗarin danshi kaɗan ne idan an bi ƙa'ida aka sa shimfiɗar da ke tare tururi ta ɓangaren cikin gida, amma yana da yawa idan aka fesa kumfar kai tsaye a bayan tayil, ko a kan tsohuwar baƙar shimfiɗa mai kwalta da ake sawa a ƙarƙashin tayil, wadda ba ta barin tururi ya fita. Ƙungiyar safiyoyi ta RICS ta fitar da jagora ga masu gidaje a watan Maris na 2023, a daidai lokacin kuma aka fito da ƙa'idar yadda ƙwararru za su riƙa duba irin wannan rufi, tare da hannun ƙungiyar masu gyara da kula da gine-gine ta Property Care Association. Wata huɗu ke nan kacal bayan an fesa tawa. Duk da waɗannan, wani bincike da BBC ta yi a Nuwamban 2024 ya gano cewa kashi ɗaya cikin huɗu na manyan masu ba da bashin gida 20 na ƙasar ba sa ba da rance sam a kan gidan da ke da kumfa a rufinsa, sauran kuma yawancinsu sai sun ga takardu da rahoton ƙwararre. A ganina akwai sakaci a nan daga sama, domin bai dace a ƙarfafa wa talaka gwiwar yin abu da kuɗin jama'a, sannan a bar shi shi kaɗai da masu ba da rance suna ce masa abin da ya yi aibi ne ba.

Na koma neman kamfanin da ya yi mini aikin. Lambarsu ba ta shiga, shafinsu na intanet ya ɓace, da na duba rajistar kamfanoni ta gwamnati sai na tarar an rushe shi tun shekarar da ta gabata. Garantin shekara 25 ya mutu tare da mai ba da shi, tunda babu wani kamfanin inshora da ya tsaya masa. Lauyata ta tambaye ni da me na biya, na ce tura kuɗi na yi daga asusu. Ta girgiza kai ta ce da ko kafin alƙalamin kawai na biya da katin bashi, da sashe na 75 na dokar bashin masu sayayya ta 1974 ya ba ni damar bin kamfanin katin, domin dokar ta ɗora masa alhaki tare da mai sayarwa a kan duk abin da kuɗinsa ya haura fam 100 bai wuce fam 30,000 ba. Da yawanmu muna guje wa katin bashi saboda tsoron riba, kuma dalili ne mai ƙarfi, amma ya kamata mutum ya san kariyar da ya bari idan ya zaɓi tura kuɗi kai tsaye. Ta kuma gaya mini cewa a irin wannan yarjejeniya da aka ƙulla da mutum a cikin gidansa yana da kwana 14 na canza ra'ayi, wanda a nan na gane dalilin da ya sa suka matsa a yi aikin cikin kwana uku.

A wannan tsakani ne wani abokina, mutumin kirki wanda tausayina ya ji, ya kawo shawarar da nake so in yi dogon tsokaci a kanta, domin na ji ana yaɗa ta a tsakaninmu. Ya ce in samo kafinta ya buga falanki a kan raftocin ya rufe kumfar, a shafa fenti, a jera akwatuna, wanda ya leƙa zai ɗauka ɗakin ajiya ne aka gyara. Ba zan ɓoye ba, na kwana biyu ina juya maganar. Amma ta fuskar doka, mai sayar da gida a Ingila yana cika wata takarda da ake kira TA6 inda yake amsa tambayoyi a kan ayyukan da aka yi wa gidan da garantinsu, kuma idan ya yi ƙarya ko ya karkatar da gaskiya mai saye yana iya maka shi a kotu bayan an gama ciniki, ko da ya riga ya koma ƙasarsu. Shi ma dillali doka ba ta ba shi damar ɓoye abin da ya sani mai muhimmanci ba, kuma nawa ya riga ya sani. Ta fuskar addini kuwa maganar ta fi haka sauƙi. Kowane ɗalibin islamiyya ya san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya cusa hannunsa a ciki sai yatsunsa suka taɓa danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tambaye shi me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama domin mutane su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Danshi ne aka ɓoye a ƙarƙashin busasshe, kuma abin da ake ba ni shawara in yi ke nan, harafi da harafi. Na ce wa dillalina daga yau ya rubuta maganar kumfar a cikin tallan gidan.

Masu zuwa kallo suka ragu ƙwarai. Wani ɗan'uwa Musulmi da ya zo ta hanyar bankin da ba ya mu'amala da riba ya nuna sha'awa, muka ɗauka tasa hanyar daban ce, ashe su ma safiyo suke aikowa, kuma amsar ɗaya ce. Masu kuɗi a hannu, irin waɗanda ke sayen gidaje su gyara su sayar, sun zo su biyu, sai dai tayin da suka yi ko a gwanjo ba na fatan a yi mini shi. Sun san an matse ni, kuma ba su ɓoye cewa sun sani ba.

Sai kuma waya ta fara ƙara. Mutanen da ban taɓa ba lambata ba suna kira suna cewa sun samu labarin akwai kumfa mai haɗari a rufina, inshorar gidana za ta lalace, rufin yana iya rubzowa a kanmu, su kuma ƙwararrun cirewa ne kuma suna unguwar a wannan makon. Muryar da salon duk irin na saurayin farko ne. Hukumomin kare haƙƙin masu sayayya a nan sun yi ta gargaɗi a kan waɗannan, musamman yadda suke farautar tsofaffi, suna karɓar dubban fam su yi aikin da zai bar rufi ya fi da lalacewa. Wanda ya biye musu ya guje wa gara ya faɗa gidan zago. Ban saurare su ba, ba don wayo ba, sai don maciji ya riga ya sare ni sau ɗaya.

Abin da ya fitar da ni shi ne ɗauko safiyo mai zaman kansa, wanda ba ya fesa kumfa ba ya kuma cire ta, saboda haka ba shi da abin da zai samu ko ta wane ɓangare rahotonsa ya faɗa. Wani dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya yi kusan sa'a uku a saman silin, ni ina tsugune a bakin murfin ina kallo. Da wata doguwar wuƙa ya riƙa yanko kumfar murabba'i-murabba'i a wurare daban-daban, kusa da tsakiyar rufi, da gefe, da jikin bututun hayaƙi, ya ajiye kowane yanki a gefe kamar yankan alkaki, sannan ya soka wata na'ura mai allura biyu a jikin katakon da ya bayyana ya rubuta lamba. Ya bayyana mini cewa idan danshin katako ya zauna sama da kashi 20 cikin ɗari, nan ne ruɓa take samun wurin zama. Ɓangaren da rana ke bugawa lambobinsa sun yi kyau. Da ya koma ɓangaren arewa, inda rana ba ta cika kaiwa ba, sai ya kira ni ya ce in miƙo hannu. Na taɓa bayan yankin da ya ciro, na ji shi da sanyi da laima kamar soson wanka da aka manta a bokiti, katakon kuma ya fara yin duhu da ɗigon funfuna, amma da ya danna shi da bakin sukundireba bai lotsa ba. Kumfata mai laushi ce, an fesa ta kai tsaye a kan baƙar shimfiɗa mai kwalta, an kuma toshe kafofin iska gaba ɗaya, wato daidai yanayin da aka ce ya fi haɗari. Ya ce na yi sa'a da na tashi sayarwa bayan hunturu uku ba bayan goma ba. Ya ƙara da cewa da a ce shimfiɗar mai barin tururi ya fita ce, kuma ina da rahoton duba rufi na kafin aiki, da sunan sinadarin da takardar shaidarsa ta hukumar tantance kayan gini ta BBA ko makamanciyarta, da lissafin haɗarin danshi, da hotunan kafin feshi da bayansa, da garanti mai inshora, da mai yiwuwa ya rubuta cewa a bar ta, kuma akwai bankunan da za su karɓa. Ba ni da ko ɗaya daga ciki, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Cirewar ta ɗauki mutum uku kwana huɗu, da hannu, da abin kankara da burushin ƙarfe, suna sanye da fararen kaya da abin rufe hanci. Abin da aka fesa cikin yini guda ya cika buhuna fiye da yadda zan iya ƙirgawa, kuma dole a kai shi wurin zubar da shara mai lasisi, ba a ƙona shi saboda hayaƙinsa guba ne. Shimfiɗar ta yage a wurare da dama sai da mai rufi ya zo ya ɗaga tayil ya gyara. An ce mini da mai taurin ce, wadda take manne wa tayil da katako kamar siminti, da wataƙila sai an sauke rufin gaba ɗaya an yi sabo. Aka buɗe kafofin iska, aka shimfiɗa sabuwar audugar hana sanyi mai kaurin milimita 270 a kan silin kamar yadda ake ba da shawara, wato aka mayar da rufin yadda magina na 1930 suka nufe shi da zama. Sannan muka jira makonni katako ya bushe, dattijon ya dawo ya sake aunawa ya rubuta rahoto na biyu. Idan na haɗa kuɗin cirewa da gyara da rahotanni biyu, sun haura abin da na biya aka fesa ta da kusan rabi, ban da kuɗin haraji da wuta da na ci gaba da biya a gidan da na riga na ɗaure kayansa.

Akwai mutum iri biyu da nake jin tsoro dominsu fiye da kaina. Na farko dattawanmu da suka yi ritaya a nan suke tunanin karɓar kuɗi a kan darajar gidansu domin su ƙarasa rayuwa, domin masu ba da irin wannan kuɗi sun fi kowa tsanani a kan kumfa. Na biyu magada. Idan mai gida ya rasu aka tashi sayar da gidan domin a raba gado, wasu magadan suna Kano wasu suna Landan, jinkirin wata takwas da ragin farashi abu ne da zai iya haddasa zargi da gaba a tsakanin 'yan'uwa, alhali babu wanda ya ci kuɗin kowa. Duk wanda ya san akwai kumfa a rufinsa, ko da ba ya da niyyar sayarwa yanzu, ya nemi takardunsa tun kamfanin yana raye, ya haɗa su da takardun gida, ya kuma gaya wa iyalinsa inda suke. Wanda kuma yake shirin saye, ya roƙi a buɗe masa saman silin tun zuwan farko, kafin ya kashe ko fam ɗaya a kan lauya.

Ga masu gini a gida da za a iya yi wa tallan wannan kumfa a matsayin maganin zafin kwano, yanayinmu daban ne kuma ba bankuna ne ke yanke mana cinikin gida ba, amma abin da ya ɓoye danshi daga idon safiyo a Birmingham zai ɓoye hanyar gara da yoyon damina daga idon mai gida a Katsina, kuma tana cin wuta, alhali wayoyin lantarkinmu ta cikin silin suke bi. A tambayi mai aikin yadda za a riƙa duba katakon bayan ya gama.

Mai saye na uku wani malamin makaranta ne. Tun ranar da ya fara zuwa na ajiye masa fayil a kan tebur, da rahotanni biyu, da hotunan kowace rafta bayan an kankare ta, da rasit na wurin zubar da shara. Ya karanta, ya hau tsani da kansa ya daɗe a sama, safiyon bankinsa ma ya zo ya shiga har ciki a wannan karon. An yi musayar takardu a watan Nuwamba a kan farashin da ya gaza na farko da kaɗan. Mutum biyun nan da suka bi shawarata a masallaci na je na same su ɗaya bayan ɗaya na ba su haƙuri, na kuma ba su lambar dattijon; ɗaya an duba nasa an ce a bar shi a riƙa lura, ɗayan yana jiran a zo a duba bayan sallah.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Wani ɗan Katsina da ya zauna a Birmingham, Ingila